Gano Asalin Tsohuwar Kwandala Mai Hoton Ababen Bautar Hindu: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum yakan buɗe tsohuwar adakar kakansa, ko ya tsaya gaban mai sayar da tsofaffin tarkace, sai ya ci karo da kwandala mai hoton wani mai hannu huɗu, ko biri ɗauke da dutse, ko bijimi mai tozo a kwance. Hanyoyin da irin wannan kuɗi zai iya bi ya iso ƙasashenmu suna da yawa, domin an kai sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 Indiya da Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, alhazanmu sun daɗe suna cuɗanya da mahajjatan Indiya a kasuwannin Makka da Jidda, 'yan kasuwar Indiya kuma sun jima a Legas da Kano. Ga tambayoyin da mai irin wannan kwandala ya fi yi.

Shin hoton da ke jikin kwandalar ya isa ya nuna ƙasar da aka buga ta da zamaninta?

Bai isa ba, kuma a nan ne yawancin mutane suke yin kuskuren farko. Hoton yana rage faɗin bincike, amma ba ya yanke hukunci, saboda abin bauta guda ya kan bayyana a kuɗin masarautu da dama waɗanda ɗaruruwan shekaru da dubban kilomita suka raba. A ɗauki Lakshmi, wadda Hindu suke dangantawa da arziki. Tana jikin azurfar sarki Azilises na arewa maso yammacin Indiya tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, giwaye biyu suna zuba mata ruwa. Tana jikin zinariyar daular Gupta a ƙarni na 4 da na 5. Tana jikin kuɗin Gangeyadeva na gidan Kalachuri a ƙarni na 11, da na Govindachandra na Kanauj a ƙarni na 12, sannan tana jikin azurfar da maƙera suke bugawa bana domin kyautar Diwali, bikin fitilu na Hindu. Wanda ya ce kwandalarsa ta Lakshmi ce bai riga ya faɗi komai game da shekarunta ba.

Masu nazarin tsofaffin kuɗi suna fara duba rubutu, sai shekara da kalandar da aka lissafa ta da ita, sai nauyi da irin ƙarfe, sai yadda aka ƙera ta. Hoto yana zuwa ne ya gaskata abin da waɗannan suka nuna ko ya ƙaryata shi.

Yaya zan gane ko wane ne a hoton, alhali fuskar ta goge?

Ba a gane su da fuska, ko da kwandalar sabuwa ce fil. Abin da ke hannunsu da dabbar da ke tare da su ne shaidarsu, kuma an yi sa'a waɗannan sun fi fuska jure gogewa.

Bishnu yana da hannu huɗu, yana riƙe da katantanwar teku, da faifan yaƙi mai kama da ƙaramar ƙafar keke, da kulki, da furen bado, abin hawansa kuma Garuda ne, wanda rabinsa mutum rabinsa tsuntsu. Shiba yana riƙe da mashi mai baki uku, sau da yawa da 'yar ganga mai siffar kalangu, bijiminsa Nandi yana tsaye ko kwance kusa da shi, a kudancin Indiya kuwa akan ba shi barewa a hannu ɗaya da gatari a ɗayan. Idan mace tana zaune a gefensa ko a cinyarsa, matarsa Parvati ce. Lakshmi takan zauna a kan furen bado ta tanƙwashe ƙafafu. Ganesha ya fi kowa sauƙin ganewa saboda kan giwa da tumbi. Hanuman biri ne mai jikin mutum, wutsiyarsa a ɗage bisa kansa, ko dai yana tafe da dutse a tafin hannu ko yana durƙushe gaban Rama, shi kuma Rama ba ya rabuwa da kwari da baka. Kirishna yana busa sarewa, ko kuma a nuna shi yana jariri da curin man shanu a hannu. Mai mashi guda tare da ɗawisu ko zakara Kartikeya ne, mace mai hannaye da yawa a kan zaki kuwa Durga ce.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. A kuɗin jan ƙarfe na Rajaraja na Ɗaya, sarkin daular Chola ta kudancin Indiya wanda ya yi mulki daga 985 zuwa 1014, akwai wani mutum a tsaye da aka zana da 'yan layuka, tufafinsa na lilo tsakanin ƙafafunsa har ya yi kama da mai ƙafa huɗu ko biyar. Mutane da yawa suna cewa Hanuman ne, alhali masana suna ɗaukarsa hoton sarkin ne kansa.

Waɗanne dauloli ne aka fi sani da buga ababen bauta a kuɗinsu?

Abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Kirishna da aka sani a jikin kuɗi wani sarki Bagirke ne ya buga shi. Agathocles, wanda ya mulki yankin Bactria wajen shekara 190 zuwa 180 kafin haihuwar Annabi Isa, ya buga azurfa mai kusurwa huɗu da Kirishna riƙe da faifan yaƙi a fuska ɗaya, da yayansa Balarama riƙe da garma a ɗaya fuskar, an kuma tono su a kangon birnin Ai Khanoum na arewacin Afganistan. Samun irin wannan a adaka abu ne da kusan ba zai yiwu ba, amma yana nuna tun daga tushe cewa hoton ba ya bin ƙabilar mai mulki.

Daular Kushan ce ta biyo baya da zinariya mai yawa. Wima Kadphises, a farkon ƙarni na 2, ya sa wani mai mashi mai baki uku tsaye gaban bijimi, wanda masana da dama suke ɗauka Shiba ne, Vasudeva na Ɗaya kuma ya ci gaba da wannan hoto. Alamar kuɗin Kushan ita ce sarki a tsaye cikin doguwar riga da manyan takalma irin na mahaya, da rubutu cikin haruffan Girka. Wani tsarin Kushan, na sarki a tsaye a fuska ɗaya da abar bauta a zaune a ɗaya, ya daɗe a Kashmir ana ta kwaikwayonsa, hoton yana ƙara lalacewa daga hannu zuwa hannu, har zuwa kuɗin sarauniya Didda wadda ta yi mulki daga 980 zuwa 1003, inda sai wanda ya saba ne zai gane cewa mutane ne aka zana.

Zinariyar Gupta ce ta fi kyawun aiki. A ta Chandragupta na Biyu sarki yana riƙe da baka, tutar Garuda tana gefensa, Lakshmi tana bayan kwandalar, rubutun kuma Sanskrit ne cikin haruffan Brahmi. Kumaragupta na Ɗaya ya buga Kartikeya a kan ɗawisu.

Ga mai 'yar ƙaramar zinariya mai kauri kamar ƙwayar wake kuwa, kudu ya kamata ya duba, wato daular Vijayanagara da aka kafa a 1336, wadda kangon babban birninta yake Hampi. Kusan kowane sarki ya zaɓi nasa hoton. Na farkon sun buga Hanuman, Harihara na Biyu ya buga Shiba da Parvati a zaune, Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, ya buga Kirishna jariri, magajinsa Achyutaraya kuma ya buga wani tsuntsu mai kai biyu da ya cafke giwaye da baki da farce. Sunan wannan kuɗi baraha, wato aladen daji, ɗaya daga cikin siffofin da Hindu suke cewa Bishnu ya bayyana da su, Turawa kuma suka kira shi pagoda. Bayan an karya daular a yaƙin Talikota na 1565, hakimanta na Ikkeri da Madurai da Thanjavur da Mysore sun ci gaba da buga kuɗi a kan salonta, abin da ya sa ƙananan kuɗin jan ƙarfe na kudu masu Ganesha, ko Garuda, ko Hanuman suke da yawan gaske kuma suke da wahalar jinginawa ga sarki guda.

Tawa tana ɗauke da sunan East India Company, da shekarar 1818, da hoton Hanuman. Kamfanin ne ya buga ta?

A'a. Wannan ita ce kwandalar da aka fi kawowa ana tambaya a kanta, kuma amsar ba ta canzawa ko da shekarar da ke jiki 1616 ce, ko 1717, ko 1818, ko 1839. Galibi faffaɗa ce, ta jan ƙarfe ko tagulla, an rubuta rabin ana ko ana ɗaya da Turanci (ana ƙaramin kuɗin Indiya ne na da), wani lokaci da haruffan UK ko UKL, a ɗaya fuskar kuma akwai Hanuman da sikeli, ko Rama da iyalinsa, ko Shiba, ko Lakshmi. Ba kuɗi ba ce, ba a taɓa sayen komai da ita ba, ƙirar zamani ce da ake bugawa ana sayar wa masu ziyarar wuraren bauta da 'yan yawon buɗe ido.

Tarihi da kansa ya ƙaryata ta. An kafa wannan kamfanin ciniki na Ingila a 1600, kuma a 1616 bai mallaki ƙasa a Indiya ba, yana dai neman iznin ciniki ne a fadar sarki Jahangir ta bakin jakada Thomas Roe, bai sami filin da ya gina Madras ba sai a 1639. Da ya zo ya daidaita kuɗinsa a 1835, ya sa kan sarki William na Huɗu a rufi, wato babban kuɗin Indiya na azurfa, a rabin ana da rubu'in ana na jan ƙarfe kuma ya sa tambarinsa mai zakuna biyu riƙe da garkuwa. Babu Hanuman a cikinsu. Ƙari a kan haka, shekaru irin su 1616 da 1717 da 1818 an zaɓe su ne don daɗin gani.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne 'yan damfara sun gina sana'a a kan waɗannan kwandaloli. Suna cewa akwai wani ƙarfe mai tsada a cikinsu da ke jawo ƙwayar shinkafa ko ya tsayar da agogo, wai hukumomin binciken sararin sama suna saye da miliyoyi, sai su nemi a biya kuɗin gwaji ko na dillanci. 'Yan sandan Indiya sun sha kama masu wannan zamba. Duk wanda aka nuna wa bidiyon shinkafa tana bin kwandala ya riƙe aljihunsa da kyau.

To wadda take da Rama da Sita a kan karaga, biri yana durƙushe a ƙasa, da shekarar 1740 fa?

Wannan ramatanka ce, kuma ba daidai ba ne a haɗa ta da ta 'yan damfara, ko da yake ita ma ba kuɗi ba ce. Kwandalar ibada ce da ake ajiyewa a gida ko a saya a wurin ziyara don neman albarka bisa imaninsu. Fuska ɗaya tana nuna naɗin sarautar Rama, mai laima yana tsaye a bayansa, ɗaya fuskar kuma tana nuna Rama da ƙanensa Lakshmana a tsaye da bakunansu, rubutun da ke kewaye yana ambaton Rama da Lakshmana da Janaki, wato Sita matar Rama, da Hanuman. Mafi yawan waɗanda ake gani an yi su ne a ƙarni na 19 da na 20, wasu da azurfa mai kyau, da yawa kuma da tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa.

Shekarar 1740 ba ranar bugu ba ce, lamba ce da maƙera suka gada suna maimaitawa. Mu ma mun san irin wannan, domin liyari mai kan Maria Theresa da ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa da Borno yana ɗauke da 1780 ko da an buga shi bayan shekara ɗari ko fiye. Akwai kuma takwarorin ramatanka na sauran addinan Indiya: ta Musulmi mai kusurwa huɗu da kalmar shahada da sunayen halifofi huɗu, wadda aka kwaikwayo daga rufin sarki Akbar, da ta mabiya Sikh mai hoton Guru Nanak a zaune ƙarƙashin itace.

Idan hoton na Hindu ne, ai dole sarkin da ya buga ta ma Hindu ne, ko ba haka ba?

Ba dole ba ne, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da ya cancanci a tsaya a kansa. Talaka a kasuwa yana karɓar kuɗin da idonsa ya saba da shi, sabon mai mulki kuwa, komai ƙarfin takobinsa, yana bukatar a karɓi kuɗinsa ranar da ya biya sojoji. Saboda haka sau da yawa yakan bar hoton yadda ya same shi ya sauya suna kawai.

Muhammad bin Sam na Ghor, wanda ya ci Prithviraj a yaƙin Tarain na 1192 ya buɗe hanyar kafa sarautar Musulmi a Delhi, ya buga zinariya mai Lakshmi a zaune, irin ta sarakunan Kanauj da ya kayar, sunansa kuma yana baya cikin haruffan Nagari, rubutun arewacin Indiya. Haka ya yi da kuɗin bijimi da mahayi, wanda sarakunan Hindu Shahi na Kabul da Gandhara suka fara bugawa da sunayen Spalapati Deva da Samanta Deva. Wannan tsari ya karɓu ƙwarai har sarakunan Ghazni da na Ghor da na Delhi suka ci gaba da shi, ana rubuta Sri Hamira kusa da mahayin, Hamira kuwa kalmar amir ce da bakin Indiya ya tanƙwara. Sarki Akbar, a ƙarshen mulkinsa da ya ƙare a 1605, ya buga kwandala mai Rama da Sita, wadda 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya, shi ya sa duk wadda aka gani a kasuwa da wannan da'awa abar tuhuma ce. Haidar Ali na Mysore, bayan ya ci Bednur, babban birnin sarakunan Ikkeri, a 1763, ya bar Shiba da Parvati a fuskar pagodarsa, a baya kuma ya sa harafin ح, farkon sunansa, a tsakiyar ɗige-ɗige. Wanda ya yi karatun allo zai gane wannan harafi nan take, da shi kuma zai bambanta ta da ta Ikkeri da ta gabace ta, da ta Krishnaraja Wodeyar na Uku da ta biyo baya bayan 1799, waɗanda bayansu rubutun Nagari ne.

Turawa ma sun bi sahu. A Madras kamfanin Ingila ya buga pagodar zinariya ta gaskiya mai Bishnu a fuska da tauraro a baya, da wata mai mutum uku a tsaye, Holandawa da Faransawa kuma sun buga nasu a tashoshinsu na gaɓar kudu. Daga 1807 kamfanin ya buga rabin pagoda da rubu'in pagoda na azurfa, masu hasumiyar wurin bauta a fuska ɗaya da Bishnu a ɗaya, da rubutu cikin Turanci da Farisanci da Tamil da Telugu. Waɗannan ne kuɗin kamfanin masu hoton abin bauta, kuma ba su yi kama da faffaɗar kwandalar 1818 ko kaɗan ba.

Ban iya karanta rubutun ba. Akwai abin da zan iya ganewa daga siffarsa?

Akwai, kuma yana da amfani ƙwarai. Idan haruffan suna rataye a ƙarƙashin layi guda kamar shanya a igiya, Nagari ne, wanda ya fi yawa a arewa da tsakiyar Indiya da Nepal, ko da yake sarakunan kudu ma sun yi amfani da shi. Idan suna da layin sama amma sun fi tsini da kusurwa, na Bengal ne ko Assam, sai a tuna da Tripura, ko masarautar Ahom wadda azurfarta take da kusurwa takwas. Haruffa masu zagaye kamar ƙawanya na kudu ne, wato Kannada ko Telugu ko Malayalam. Haruffan Girka galibi suna mayar da kwandala zamanin Kushan ko kafinsa. Kalma guda da ta cancanci a haddace siffarta ita ce श्री, wato Sri, lakabin girmamawa da ke zuwa kafin sunan sarki ko abin bauta, domin inda aka gan ta nan rubutun ya fara.

A sani kuma cewa a kuɗin da aka buga da guduma hatimin yakan fi ƙarfen faɗi, don haka rabin sunan sarki yakan faɗa waje. Wannan ba aibi ba ne, alama ce ta bugun hannu.

Shekarar da na gani a jiki ba ta yi daidai da tsufan kwandalar ba. Me ya jawo haka?

Abu biyu ne suke jawo shi. Na farko lambobin Nagari suna yaudarar ido: १ ɗaya ne ko da yake ya yi kama da tara, ४ huɗu ne ko da yake ya yi kama da takwas, ७ kuma bakwai ne. Na biyu, kalandar ba lallai ta Miladiyya ba ce. Idan ta Vikrama ce a cire 57, idan ta Saka ce a ƙara 78, ta Nepal ta zamanin sarakunan Malla ta fara a 879, ta Malayalam da Travancore take amfani da ita ta fara a 825, ta Hijira kuwa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Lissafin yakan kauce da shekara guda saboda watan da kowace kalanda take farawa.

Misali mai kyau shi ne paisa, wato ƙaramin kuɗin jan ƙarfe, na masarautar Ratlam mai Hanuman, wanda kuɗi ne na gaskiya. Yana ɗauke da १९४७, mai karatu ya ce ai shekarar samun 'yancin Indiya ce, alhali 1947 ta Vikrama ce, wato 1890. Haka kwandalar Nepal mai 2050 ta 1993 ce, moharin Nepal, wato kuɗinta na azurfa, mai 1690 ta Saka kuma ya faɗa 1768, shekarar da Prithvi Narayan Shah ya ci Kathmandu.

Me nauyi da irin ƙarfe za su ƙara mini?

Su ne shaidun da ba su iya ƙarya sosai, domin kowane kuɗi yana da ma'auninsa. Pagoda tana kai giram 3.4, fanam na zinariya, irin na Kanthirava na Mysore mai hoton Narasimha mai kan zaki, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, zinariyar Gupta ta farko tana kusa da giram 8, azurfar bijimi da mahayi ta ɗan haura giram 3, moharin Nepal yana kusa da giram 5.5, rufin 1835 kuma giram 11.66 ne. Sikelin mai sayar da zinariya ya isa a auna. Idan hoton na Gupta ne amma nauyin giram 4 ne ko 15, maganar ta ƙare.

A gwada maganaɗisu, domin zinariya da azurfa da jan ƙarfe ba sa kama shi. A duba gefe da gilashi mai ƙara girma: layin haɗi da ya zagaye bakin, da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, da haruffa masu laushi kamar sun narke, duk alamun zubi ne, kuma kusan duk kuɗin da aka ambata a nan bugawa aka yi. Kwandalar da take da'awar shekara ɗari biyar amma ta fito da zagaye cikakke da gefe mai tsaga-tsaga daidai wa daida aikin inji ce.

Tawa babu hoton mutum, sai mashi mai baki uku ko katantanwa. Ita ma ana iya gano ta?

Sau da yawa ta fi sauƙi. Mashi mai baki uku a cikin ɗan da'ira a tsakiya, da takobi a baya, da rubutun Nagari a cikin gidaje kamar ganyen fure, na Nepal ne, a na gidan Shah kuma akan karanta sunan Gorakhnath da Bhavani. Katantanwa a cikin kewayen ganye ta Travancore ce, masarautar da Marthanda Varma ya sadaukar ga Padmanabha, wato Bishnu, a 1750. Mashi da jinjirin wata da wuƙar katar tare na Kutch ne, kuma kuɗinta na baya suna ɗauke da sunan sarkin Ingila cikin rubutun Farisanci da shekara biyu, ta Vikrama da ta Miladiyya.

Zai yiwu ba daga Indiya ta fito ba sam?

Zai yiwu. Bayan Nepal, akwai Siri Lanka, inda sarakuna mabiya Buddha irin su Parakramabahu da sarauniya Lilavati suka buga kuɗi masu kama da na Chola, masarautar Jaffna kuma ta buga bijimi a kwance da kalmar Setu cikin Tamil. Sarakunan Chandra na Arakan, a yammacin Bama, sun buga azurfa mai bijimi fiye da shekara dubu da suka wuce. Garuda tambarin Tailan ne, yana jikin kuɗin ƙasar na baht ɗaya mai shekarar 2517 ta kalandar Buddha, wadda ake cire wa 543 a sami 1974. Shi ne kuma tambarin Indonesiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, sai dai nata mikiya ce sosai mai garkuwa a ƙirji, na Tailan kuwa yana da ƙirji da hannayen mutum. Jamhuriyar Indiya kanta ta buga 'yan kuɗin tunawa, kamar rufi biyar na 2010 don cikar wurin bautar Brihadeeswarar na Thanjavur shekara dubu, waɗanda ake ganewa da zakunan Ashoka da sunan ƙasar.

In wanke ta domin rubutun ya fito?

Kada a goge ta da toka, ko tsamiya, ko lemun tsami, ko yashi, ko man goge ƙarfe. Duhun da shekaru suka bar mata yana cikin shaidar tsufanta, kuma gogewa tana cinye ƙananan haruffan da ake nema. Idan ƙasa ce ta manne, a jiƙa ta a ruwa mai tsabta, a share da tsumma mai laushi, a bushe ta sarai. Kada kuma a bari maƙeri ya kankare gefenta ko ya ɗiga mata ruwan gwaji.

Wa zan nuna wa, kuma me zan tanada kafin in tambaya?

A ɗauki hoton fuska biyu da na gefe a hasken rana da ke zuwa daga gefe guda, domin inuwa ce take fito da rubutun da ya goge, a ajiye abin awo kusa da ita, a rubuta nauyi da giram da faɗi da milimita, a kuma faɗi ko tana da huda ko alamar an taɓa liƙa mata marataya, tunda mata a Indiya sun daɗe suna jera kuɗi a sarƙa. Da waɗannan za a iya kwatanta ta da hotunan da ke shafin Numista ko na Gidan Tarihin Birtaniya, a Indiya kuma akwai cibiyar nazarin tsofaffin kuɗi a Anjaneri kusa da Nashik. Ya fi kyau a fara tambayar wanda ba shi da niyyar saye.

Game da daraja, tsufa kaɗai ba ya kawo tsada. Kuɗin jan ƙarfe na Rajaraja ya haura shekara dubu, amma an buga shi da yawan da ya sa ake samunsa da araha, zinariyar Gupta ta gaskiya kuwa tana da tsada, shi ya sa jabunta suka cika kasuwa. Wanda yake shirin sayowa daga Indiya ya sani cewa dokar kayan tarihi ta ƙasar ta 1972 ta hana mutum fitar da abin da ya kai shekara ɗari, tsofaffin kuɗi kuma suna cikin abin da dokar ta ambata.